Takarda ma tana da tiyarta: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya sani kafin ya kai aikin bugu

 A kasuwa ba wanda ake cuta a kan awon hatsi, domin kowa ya san tiya. Haka nan mai sayen atamfa ta san turmi yadi 6 ne, in an rage mata ko taƙi guda sai ta gane. Amma wanga mutum da ba a iya cutarshi a kan tiya da yadi, ranar da ya shiga gidan buga takardu don a yi mashi takardar talla ko katin shago, sai ka gan shi kamar baƙo a gari. A tambaye shi wane girma yake so, ya ce a yi mai kyau. A tambaye shi wace takarda, ya ce wadda ta fi araha. Ranar karɓar aiki kuma a hau cacar baki, alhali kuɗɗi sun riga sun fita.

Abin da ya sa munka ɗauko wagga magana shi ne abin da ya faru da wata maƙwabciyarmu a Maraɗi, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta samu rumfa a wani baje-koli da anka yi a Yamai, sai ta kwashi adashenta ta bada a buga mata etiketi 1000 da za ta liƙa a jikin kwalabenta. Ba ta kai kwalba ko ɗaya gidan bugun ba, kuma samfurin aikin a fuskar salula kawai ta gan shi, ta ce ya yi. Da aiki ya fito, sai ga etiketin ya fi jikin kwalbar tsawo, in an liƙa sai ya hau kafaɗar kwalba ya tattare. Ta sa almakashi ta rage ƙasan, ashe nan ne lambar salularta take. Waɗanda ta liƙa haka nan kuma, kafin a kai Dosso mai ya jiƙa takardar, rubutu ya dushe. Ta sayar da manta, amma duk wanda ya saya ya ji daɗi ba ya da hanyar da zai sake nemanta, ga shi kuwa dalilin buga etiketin ke nan. Mai bugu ya ce abin da anka nuna mata ta amince shi ya buga, kuma gaskiyarshi ne.

To, takarda ma tana da awonta, kuma awon ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya saba lissafin dala da jikka.

Daga A0 zuwa A7

Takardar da kuka sani ta fotokopi, wadda ake kai ma hukuma da ita, sunanta A4. Faɗinta santimita 21, tsawonta santimita 29,7. In anka ninke ta biyu anka yanka, kowane rabi sunanshi A5, watau 14,8 da 21. A sake raba A5 biyu, a samu A6, watau 10,5 da 14,8. A sake rabawa a samu A7, watau 7,4 da 10,5. In kuma sama anka yi, A4 biyu gefe da gefe su ne A3, watau 29,7 da 42. A3 biyu su ne A2, 42 da 59,4. A2 biyu su ne A1, 59,4 da 84,1. Uwarsu duka ita ce A0, 84,1 da 118,9, wadda faɗin fuskarta murabba'in mita guda ne cif. Abin kiyayewa shi ne, lamba tana hawa takarda tana ƙanƙancewa. Mun sha ganin wanda ya ce a yi mashi A6 yana zaton ta fi A4 girma.

Wanga tsari daga ƙasar Jamus ya fito. A shekarar 1922 hukumar daidaita ma'auni ta ƙasar ta amince da shi, bisa aikin wani injiniya mai suna Walter Porstmann, kuma a 1975 ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO 216. Da shi ake aiki a Nijar, da Najeriya, da Faransa, da mafi yawan ƙasashe. Hikimar da ke ciki ita ce, ko sau nawa ka raba takardar biyu, siffarta ba ta sakewa. Shi ya sa in kinka kai takardar farashi ta A4 wajen mai fotokopi, zai iya ƙara ta zuwa A3 da ya danna 141 bisa 100, ko ya rage ta zuwa A5 da 71 bisa 100, ba tare da an yanke ko harafi ɗaya ba.

Ga inda sanin wanga ya shafi aljihu. Takardar A4 guda tana fidda A6 huɗu. Ke nan takardar talla 1000 ta A6 za ta ci A4 guda 250, rabin ram ke nan, domin ram guda takarda 500 ce. Amma in Alhaji ya ce shi dai a yi mashi 12 da 16, don ta ɗan fi ta maƙwabcinshi girma, to biyu kaɗai za su fita daga A4 guda, sauran kuma tarkace ne da za a zubar. Takarda 500 ke nan maimakon 250, a kan ƙarin da bai kai santimita 2 ba. Tarkacen kuwa shi zai biya su. Kamar tela ne da yadi: in ɗinki bai bi faɗin yadi ba, ƙyalle ya yi yawa.

Akwai tarko guda da ya kamata masu tsara aiki da kansu a salula ko kwamfuta su kiyaye. Amurka da Kanada ba su bin wanga awo, tasu takarda sunanta Letter, 21,6 da 27,9. Ta fi A4 faɗi kaɗan, ta kuma fi ta gajarta. Samfura da yawa da ake samu a intanet, ko cikin Word da Canva, a kan wanga awo anka tsara su. In ba a sauya ba, wajen bugu sai gefe ya yanke ko ƙasa ta bar fili.

Wane girma ya dace da wane aiki

Takardar talla ta rabawa hannu da hannu a tasha ko ƙofar kasuwa, A6 ko A5 ta wadatar. A6 tana shiga aljihun riga ba sai an ninke ba, abin da anka ninke kuwa sau da yawa ba a sake buɗe shi. Takardar jerin kaya da farashi, irin ta masu gidan abinci ko masu sayar da kayan gini, A4 ce. In ana son ta zama ƴar littafi, ana ninke A4 uku, kowace fuska ta zama kusan 9,9 da 21, kuma tana shiga dogon ambulan mai 11 da 22. Sai dai fuskar da ke shiga ciki ana rage mata milimita 2 don ta kwanta lafiya, mai bugu na ƙwarai ya san haka. Afishi na liƙawa a bangon shago ko jikin mota, A3 ne ƙarami, A2 ne madaidaici. Kalandar shekara da manyan ƴan kasuwa ke rabawa ita ma galibi A3 ko A2 ce. Littafin faktir da rasit kuwa A5 ya fi yawa, da takarda mai kwafar kanta, fara a sama, mai launi a ƙasa. A nan kada a manta da lambar jeri a kowane shafi, da lambar NIF da ta RCCM ga wanda ke da su.

Katin shago, wanda ake ce ma kart da bizit, awonshi a ƙasashen da ke bin tsarin Faransa 8,5 ne da 5,5. Ba banza anka zaɓi wanga awo ba, kusan daidai yake da katin banki, don ya shiga aljihun walat. Na Amurka 8,9 ne da 5,1. Kati 10 ke fita daga A4 guda. Abin da ke kashe katin ƴan kasuwarmu shi ne cunkoso: sunan shago, da kirari, da hoton Alhaji, da jerin kaya 20, da lambar salula 4, duk a fili da bai kai tafin hannun yaro ba. Daga ƙarshe sai rubutu ya ƙanƙance har dattijo ba ya iya karantawa ko da tabarau. Shawararmu ita ce suna, da sana'a cikin kalma uku ko huɗu, da wurin shago, da lamba ɗaya ko biyu waɗanda ake ɗauka in an kira. A ce ma mai tsarawa kada ƙaramin rubutu ya gaza lamba 8 a ma'aunin haruffa. In akwai sauran bayani, kati yana da baya.

Etiketi: a kai kwalba, a kai leda

Mata masu sarrafa kaya su ne sunka fi buƙatar wanga sashe: masu kilishi, da cuku, da garin zogala, da yaji, da dakuwa, da turaren wuta, da humra, da sabulu. Wadda ta taɓa zuwa baje-koli irin SAFEM a Yamai ta ga yadda mai saye ke ɗaukar kwalba ya juya ta yana neman rubutu kafin ya tambayi kuɗɗi. Etiketi ba shi da awo guda, kwalba ko leda ita ke faɗin awonshi. Don haka kada ki je gidan bugu hannu sake. Ki ɗauki kwalbar da kanta. In ba hali, ki sa zare ki zagaye cikinta ki auna, sannan ki auna tsawon wurin da ya miƙe sumul, tsakanin kafaɗa da gindi. Etiketi kada ya wuce nan.

Ana sayar da takardar liƙawa ta A4 da anka riga anka tsaga. Akwai mai gida 24, kowane 7 da 3,7, wadda ta dace da ƙananan kwalaben turare da ƙullin yaji. Akwai mai gida 8, kowane 10,5 da 7,4, wadda ta dace da ledar kilishi ko kwalbar rabin lita. In kinka bi waɗanga awo, aikin ya fi sauƙi, ko mai ƙaramar na'ura a unguwa zai iya buga maki 50 ko 100 ki gwada kasuwa.

Sai batun ruwa da mai. Tawadar ƙananan na'urori masu fesa ruwan tawada tana narkewa da ta ji danshi. Mai sayar da bisap ko lemun tsamiya da ke sa kwalabenta cikin ƙanƙara, in ta yi amfani da irin wagga, kafin azahar etiketin ya zama faci-faci. Mai kuma yana ratsa takarda ya mai da ita kamar gilashi. Ga kayan sanyi da kayan maiƙo a nemi otokolan na roba, ko a sa ma na takarda siririyar leda a fuska. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado. A kan etiketin abinci a sa sunan kaya, da abin da anka haɗa, da nauyi ko yawa, da sunan mai yi da lambarta. A bar fili fari na rubuta ranar yi da ranar lalacewa da bik ko hatimi, domin in anka buga rana a jikin etiketi 1000, wata guda ya wuce sauran sun zama shara.

Mita a nan, ƙafa a ƙetare

Allon tamfol, wanda masu bugu ke ce ma bash, da murabba'in mita ake lissafin kuɗɗinshi a nan gida. Amma ƴan kasuwarmu da yawa na Maraɗi da Damagaram da Ƙonni a Katsina ko Kano ko Sakkwato suke bada aiki, can kuwa da ƙafa ake auna irin wanga allo. Ƙafa guda santimita 30,48 ce, watau ƙafa 3 su ne yadi guda, ba su cika mita ba. In ka bugo waya ka ce a yi maka 3 da 6 kana nufin mita, mai bugu ya ji ƙafa, abin da zai zo maka 91 ne da 183 a santimita, kamar tabarmar kwana. Kai kuwa murabba'in mita 18 kake jira, ya ninka abin da anka aiko fiye da sau 10. Haka nan in ana kwatanta farashi, a tuna murabba'in mita guda ya kusa murabba'in ƙafa 11, kada a ji kuɗɗin ƙafa a ce an samu ɓagas. A kowane saƙo a rubuta awo da sunanshi, a kuma faɗi wanne ne faɗi wanne ne tsawo.

Kafin a bada aikin bash a auna goshin shagon da mita. A nemi a ninke bakin a sa ƙawanya ta ƙarfe kusan kowane santimita 50, in ba haka ba iskar hunturu ko hadarin farkon damina zai yage shi. Allon tsaye mai naɗewa cikin gindinshi, irin na wuraren taro, awonshi da ya fi yawa 85 ne da 200. A irinshi muhimmin bayani a sama ake sa shi, daidai idon mutum, domin ƙasan tebur da ƙafafun jama'a suna rufe shi.

Girman harafi kuma nisa ke faɗinshi. Ƙa'idar da masu allo ke bi ita ce kusan santimita 2,5 na tsawon harafi ga kowace mita 3 ta nisa. Ke nan in kana son wanda ke ƙetaren titi, nisan mita 10, ya karanta ba tare da ya tsaya ba, harafi ya kai santimita 8 ko fiye. Mai kabu-kabu da ke wucewa ba ya da lokacin karanta layi biyar. Suna, da sana'a, da lamba, sun isa.

Nauyin takarda da bakin yanka

In mai bugu ya ce takarda mai giram 80, yana nufin murabba'in mita guda nata giram 80 yake. Tunda A4 guda 16 ke cikin A0, kowace A4 giram 5 ce, ram guda kuma kilo 2 da rabi. Ita ce takardar fotokopi da wasiƙa. Takardar talla mai hoto tana son mai sheƙi, giram 135 zuwa 170. Kati kuwa giram 300 ko 350, ƙasa da haka zai lanƙwashe a aljihu cikin kwana biyu. In masu bugu biyu sunka ba ka farashi daban a kan aiki guda, abu na farko da za ka tambaya shi ne giram nawa kowa zai sa. Sau da yawa a nan bambancin yake. Ka ce a ba ka takardar ka taɓa da hannunka, kamar yadda ba ka sayen shadda sai ka murza. A kuma sani bik ba ya kama takarda mai sheƙi sosai, don haka duk abin da za a yi rubutun hannu a kai a yi shi da marar sheƙi.

Ana buga aiki ne a babbar takarda sannan a yanka da wuƙar inji, ɗaruruwa a lokaci guda, kuma wuƙa tana iya gocewa da milimita 1 ko 2. Don haka in launi zai kai har baki, mai tsarawa yana ƙara milimita 3 a kowane gefe, wanda wuƙa za ta cinye. Kati mai 8,5 da 5,5 ana tsara shi 9,1 da 6,1. In ba a yi haka ba sai ka ga farin zare a gefen katin. Ta ciki kuma rubutu ya ja baya daga baki da milimita 3 zuwa 5. Lambar salula da anka manna a bakin takarda ita ce ta farko da wuƙa ke ci.

Abin da salula ta nuna da abin da inji ya buga

Fuskar salula da haske take yin launi, tana haɗa ja da kore da shuɗi. Injin bugu kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi, abin da masu bugu ke taƙaitawa da CMJN. Akwai launukan da haske ke iya yi tawada ba ta iyawa, musamman kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙyalli. Shi ya sa atamfar da ta yi ɗau a salula take fitowa a dushe a takarda. Ba ha'inci ba ne, amma mai sayar da yadi ko lalle ko kayan kwalliya, wanda launi shi ne jarinshi, lalle ya nemi a buga mashi guda ya gani da rana kafin a ci gaba. A waje kuma rana tana cin ja da rawaya kafin sauran, shi ya sa tsofaffin afishi a bango duk suke komawa shuɗi-shuɗi. Baƙin rubutu a kan fari ko rawaya, ko farin rubutu a kan launi mai duhu, ya fi daɗewa ana karanta shi. Jan rubutu a kan kore ko shuɗi yana gajiyar da ido tun yana sabo.

Hoto kuma ɗigo-ɗigo ne. Aikin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci, watau santimita 2,54. Hoton da zai cika A4 yana buƙatar ɗigo 2480 da 3508. Salula ta yanzu tana ɗaukar hoto mai kai haka, amma in anka tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi ya ragu, balle wanda ya bi hannu uku ko huɗu. A tura shi a matsayin dokima, ko a kai salular a zuba kai tsaye. Hoton a ɗauke shi da hasken safe, a kan farin ƙyalle, a kuma ɗauki kayanka na gaske. Wanda ya kwaso hoton shinkafar wani daga intanet ya liƙa, ranar da mai saye ya zo ya ga daban, amana ta tafi. Aikin da anka gama tsarawa kuma a miƙa shi a PDF, domin shi ne ba ya wargajewa daga wata kwamfuta zuwa wata.

Haruffa masu lanƙwasa da lissafin dala

Tun 2025 Hausa ita ce harshen ƙasa a Nijar bisa kundin sake gina ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Masu rubuta tallarsu da Hausa su kula da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Salon haruffa da yawa na kwamfuta ba su da su, sai ka ga an buga akwati ko alamar tambaya a gurbinsu, ko mai tsarawa ya cire lanƙwasar ya huta. Alhali baƙi daban baki daban, ɗaki daban daki daban, kuma mai sayar da ƙosai ba za ta so a rubuta mata wani abu ba. Akwai salon haruffa na kyauta masu ɗauke da su duka, kamar Noto da Andika da Charis, a ce ma mai tsarawa ya nemo su. Wanda abokan cinikinshi almajirai ne da malamai ya iya ƙara layi guda da ajami, amma a ba wanda ya iya ya duba, domin wasu manhajoji suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su baya.

Kada a manta da yawa cikin masu sayenmu ba su karatun boko, amma kowa yana gane hoto, kuma kusan kowa yana gane lamba. Hoto guda babba ya fi ƙanana shida. Lambar salula ta Nijar lamba 8 ce, a rubuta ta biyu-biyu da fili tsakani, a sa +227 a gaba in ana ciniki da ƙetare. Farashi kuma a rubuta shi da tamma, a sa F a gefe. In kinka rubuta 100 kina nufin dala ɗari, wani zai miƙo maki dala ashirin ya ce abin da ya gani ke nan. A rubuta 500 F. A garuruwan iyaka a fayyace sefa ce ko naira. In kuwa farashin kayan yana hawa da sauka, gara a bar gurbinshi a riƙa cikawa da hannu.

Guda nawa za a buga

Bugu iri biyu ne. Akwai na na'ura mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, wanda kuɗɗin guda ɗaya kusan ɗaya ne ko 20 ka buga ko 200. Akwai kuma na babban inji da ake ce ma ofset, wanda sai an yi faranti ga kowace tawada, huɗu ke nan in aikin mai cikakken launi ne. Kuɗɗin farantin da na tada inji suna nan ko kaɗan ka buga, shi ya sa 100 ke da tsada a ofset, amma in an kai dubbai kuɗɗin guda yana faɗuwa ƙwarai. A ofset aiki mai launi ɗaya ko biyu ya fi mai huɗu sauƙi, kuma ga littafin faktir ko takardar farashi launi ɗaya ya wadatar. Mai sabuwar sana'a ta fara da kaɗan, ta ga abin da masu saye ke tambaya wanda ba ta rubuta ba, ta gyara, sannan ta buga da yawa. A kuma bada aiki da wuri. Gab da salla, da lokacin komawa lakwal, da ƙarshen shekara da ake buga kalanda, gidajen bugu cike suke, aikin gaggawa kuwa shi ke zuwa da kuskure.

Kafin ka sa hannu

A ƙa'idar sana'ar, kafin a tada inji ana ba mai aiki samfuri ya duba ya sa hannu. Sunanshi BAT, daga Faransanci bon à tirer, ma'ana an yarda a buga. Daga lokacin da ka sa hannu, ko ka aika da saƙon murya ka ce ya yi, duk kuskuren da ke cikin samfurin naka ne. Don haka kada a duba shi a tsaye a ƙofar shago ana ciniki. A nemi a buga guda a takarda, daidai girman da zai fito, a yanka shi. In etiketi ne a liƙa a kwalbar, a sa ta cikin ruwa ko a shafa mata mai a gani. In kati ne a sa shi a walat. A ɗauki salula a danna lambar da ke jiki, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take a rubuce, a ji ko taka ce za ta yi ƙara. A ba wani wanda bai san aikin ba ya karanta da ƙarfi, domin idon mai abu yana karanta abin da ke zuciyarshi ne. Sannan a sa mai bugu ya rubuta a rasit: girma, da giram, da yawa, da fuska ɗaya ko biyu, da ranar karɓa. Daga ƙarshe a karɓi kwafin aikin a ajiye a salula ko kile, don ranar da za a sake bugawa kada a biya kuɗɗin tsarawa sau biyu.

Maƙwabciyar tamu ta sake buga nata etiketin bayan watanni, wannan karo 100 kacal, na roba, ta kuma tafi da kwalbarta a jaka. Sauran na farkon suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, yara suna liƙa su a bayan kaye. Masu bugu da yawa mutanen kirki ne, kuma sun fi son mai aikin da ya san abin da yake so, domin shi ne ba ya dawowa da rigima. Mai tambaya ba ya ɓata.